Shagunan Baba Haruna

Ban taɓa ganin teku ba sai ranar da aka ce in shiga cikinsa. A Oron ne, can bayan Kalaba, inda ƙasa take ƙarewa ruwa ya karɓa. Na tsaya a bakin gaɓa da 'yar jakata a kafaɗa, ina kallon jirgin katakon da aka ce shi zai kai mu Gabon, ana ta ɗura masa buhunan garin rogo da jarkoki da katifu. Kafin nan babban ruwan da na sani shi ne na Wasai, kusa da Minjibir, wanda kana wannan gaɓa kana hango shanun da ke kiwo a waccan.

Sunana Nasiru, kuma a lokacin ɗan jarida ne ni. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Na yi shekaru ina bin kotuna da kasuwanni da asibitocin Kano ina haɗa wa wata jaridar Hausa rahoto, har ranar da mai jaridar ya tara mu ya ce takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma waya, kowa ya kama gabansa. Ƙauyenmu yana tsakanin Ungogo da Minjibir. Mahaifina, wanda muke kira Malam, yana can yana noma yana karantar da littattafai a zaure. Ban koma ba, na zauna a ɗakin da nake haya a Bacirawa ina jiran abin da hali zai yi. Sai ga Ado.

Ado dillali ne, maƙwabcina, mai daɗin baki. Shi ya ce min akwai wani attajiri Bahaushe a Librabil, babban birnin Gabon, sunansa Alhaji Sabo, zai buɗe gidan rediyon Hausa yana neman ƙwararre. Ya haɗa mu a waya, na ji muryar Alhajin da kunnena yana cewa, "Ka taho, mai alƙalami muke nema." Ado ya ce biza za ta ja lokaci, ta ruwa ta fi sauri, kuma yana da mutum. Har Oron ya rako ni. Ya damƙa ni a hannun mai jirgi, suka ɗan keɓe suka yi ƙus-ƙus, sannan ya ce bari ya sayo min burodin hanya. Har yau burodin bai iso ba.

An cusa ni tsakanin wasu samari 'yan Kwatano da wata mata 'yar Togo mai tarin kwanukan roba. Muna barin bakin kogi igiyar ruwa ta karɓe mu. Jirgin ya hau sama kamar zai tashi, ya rikito, ya sake hawa. Duk abin da na ci tun daga Kano sai da na mayar wa teku. Matar nan ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata yaren, amma ta kwance bakin zaninta ta ɓallo min ɗanyar citta, ta nuna min in riƙe a kunci. Da na sake sunkuyawa, ita ta riƙe min wuyan riga don kada in bi ruwa.

Da lokacin salla ya yi na miƙa hannu na ɗebo ruwan gishirin nan na yi alwala. Sai na tuna Malam yana zaune a kan buzunsa yana karantar da manoma cewa ruwan teku mai tsarki ne, a ƙauyen da babu wanda ya taɓa ganin teku. Muna yara muna dariyar wannan babi. Ashe ni ake karanta wa.

Wata safiya jirgin ya rage gudu kusa da wasu itatuwa da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun gizo-gizo. Mai jirgi ya fara buga katako yana cewa Gabon ce, kowa ya yi maza ya sauka kafin masu sintiri su zo. Muka dira cikin taɓo har cinya. Kafin in juyo in ga ko matar Togo ta sauko da kwanukanta, jirgin ya riga ya juya kai.

Muka yi ta kutsawa har muka ɓulla wani ɗan tungan masunta, bukkoki kaɗan da hayaƙi. Wata tsohuwa tana bandar kifi. Na tambaye ta da turancin buroka ina hanyar Librabil. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗana, nan Kamaru ce," in ji ta. "Gabon tana can gaba da nisa."

Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ba mu ne na fari da aka zubar musu a nan ba. Ɗaya daga cikin samarin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ni kuwa, Allah ya sani, abin da ya fara zuwa raina shi ne wannan rahoto ne mai kyau, sai dai babu jaridar da zan aika wa.

Tsohuwar ta ƙara itace, ta ba mu kifi mai zafi da wani rogo da ake naɗewa a ganye, mai ɗan tsami. Na ciro agogona na miƙa mata, ta ture hannuna. Ta nuna ƙafafuna, waɗanda ɓawon katantanwar ruwa ya yayyanka, don taɓo ya cinye takalmana. Ta shiga bukka ta fito da silifas, ɗaya shuɗi ɗaya ja. Da su na ratsa ƙasashe biyu.

A garin farko da muka isa masu kaki suka tare mu, suka kulle mu a wani ɗaki mai taga ɗaya. Matar Togo aka kai ta wani wuri daban, ban ƙara ganinta ba, ko sunanta ban sani ba. Da aka tambaye ni sana'ata na ce manomi. Ban yi ƙarya ba, da fartanya na tashi, kuma na san abin da kalmar ɗan jarida take jawo wa baƙon da ba shi da takardu. Duk da haka sun ga 'yar rikodata a jaka, suka ce za su ajiye min.

Muna nan sai wani dattijo mai ƙamshin ƙuli da hayaƙi ya leƙo ta taga.

"Salamu alaikum. An ce akwai Bahaushe a nan."

Ban san Hausa tana da daɗi haka ba sai ranar. Sunansa Malam Garba, mai tsire ne a garin, kuma duk lokacin da ya ji an kama ɗan Arewa sai ya bar tukubarsa ya zo.

"Daga ina?"

"Ƙasar Minjibir, Baba."

"An ce ka ce kai manomi ne. Wannan hannun naka bai yi kama da na manomi ba. In gero ya tasa, me ake shuka masa a tsakani?"

"Wake."

Ya yi murmushi. "To, ko ba ka noma, an noma an ba ka."

Shi ya tsaya min aka sake ni. Ya kai ni gidansa, matarsa ta dama min kunu, ya ba ni shawara in koma gida tun da sauran mutuncina. Na ce masa, "Baba, ban taɓa bin labari na tsaya a rabi ba. Sai na ga Alhajin nan da idona." Ya girgiza kai, amma washegari ya haɗa ni da wani direba ɗan Marwa mai suna Bappa, wanda ke kai albasa Gabon a tirela. Bappa ya ce in zan iya ɗaukar buhu, daga yau ni karen motarsa ne. Haka aka rubuta ni a kan iyaka, kuma na ɗauki buhun.

Hanyar nan ta kurmi ita ta fi ci min rai, fiye da tekun. Itatuwa sun rufe sama, ruwa ba ya ɗaukewa, ido ba ya tafiya ko nan da can. A wajenmu in ka tsaya a bayan gida kana ganin gonar wane ta haɗe da ta wane, ga kuka, ga ɗorawa, ga hasumiyar masallacin ƙauye na gaba, ga wata mata da ƙwaryar fura a ka ta ratso kunya-kunya. Babu inda za ka tsaya ka yi kira a rasa mai amsawa. A nan sai kukan tsuntsayen da ban san sunansu ba. Ina kwance a kan buhuna, warin albasa ya cika min hanci, shi kaɗai ne abin da na sani a duk dajin. Na riƙa shaƙarsa kamar turare.

Da muka isa Librabil, Alhaji Sabo ya karɓe ni hannu bibbiyu. Babban kanti gare shi na atamfa da shadda. Aka kawo shayi da nama, aka ba ni ɗaki. Da na huta na tambaye shi ina gidan rediyon.

"Rediyo tana nan tafe," in ji shi. "Littafi za ka fara yi min. Tarihina. Za ka rubuta cewa kakana babban malami ne daga birnin Kano, shi ya fara kafa unguwar Hausawa a garin nan, shi ya kawo karatu."

Na ce ya ba ni lokaci in yi bincike. Na shiga unguwa na zauna da tsofaffi, aikin da na fi iyawa ke nan. Ba a daɗe ba na samo gaskiya. Babu wani kaka. Alhaji da ƙafarsa ya zo yana saurayi, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya kwana a ƙarƙashin teburin mai shayi, ya fara da tallan yadi a kafaɗa. Na koma masa da murnata.

"Alhaji, labarinka na gaskiya ya fi wanda kake so daɗi. Ka bar ni in rubuta shi, yara za su yi koyi."

Fuskarsa ta canza. "Ban kira ka don ka zaɓa min kaka ba."

"Ni kuma, ranka ya daɗe, ba zan sa sunana a kan tarihin da na san ba a yi shi ba."

"To ka je gaskiyar ta ciyar da kai."

Na yi masa godiyar shayi, na ɗauki jakata. Ban yi nadama ba, ko a lokacin ko yanzu. Sai dai ban san inda zan kwana ba.

Ranar Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci na zauna a gindin katanga ina tunani. Kusa da ni wani dattijo siriri yana zaune a kan 'yar kujera, yana yanke wa wani farce da ƙaramin almakashi. Da ya sallami mutumin sai na ga yana satar kallona. Can ya kasa daurewa.

"Yaro, kai ba jinin Malam Isiyaku ba ne? Wannan goshin nasu ne."

Malam Isiyaku kakana ne. Na ce, "Ni ne Nasiru, ɗan Malam Sule. Baba, wa nake magana da shi?"

Sai na ga ya yi da-na-sanin tambayar. Ya sunkuyar da kai yana goge almakashi da tsumma. Da ƙyar ya ce, "Haruna."

A ƙauyenmu babu yaron da bai san sunan Baba Haruna na Gabon ba. Ya tafi tun ina firamare. An ce yana da shaguna, an ce yana da gidan bene. Duk salla sai turmin atamfa ya iso wa matarsa Inna Laure, kuma a ɗakinta akwai hotonsa ya jingina da wata farar mota. In yaro ya yi ƙiwar noma sai a ce, to ko kai ne Haruna? Ga shi a gabana, silifas ɗinsa bai fi nawa kyau ba.

Bai yi min bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Ya naɗe kayan aikinsa ya ce, "Taso mu je gida." Gidan ɗakin katako ne a wata unguwa da ke kan gangare, su huɗu a ciki, duk 'yan ci-rani da ciraninsu ya ƙi ƙarewa. Ya matsar da tabarmarsa ya yi min wuri. Ya tuƙa tuwon masara, ya ciro wani ƙullin kuka da yake ta tattali, ya kaɗa miya. Na sa loma ɗaya na kau da kai ina share ido. Ya yi kamar bai gani ba.

Na kama dako a kasuwa, daga baya na koma tallan turare. Labarinsa kuwa a gutsure na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan. Da farko ya yi shago da gaske. Aka yi kamen marasa takardu ya ɓuya, kafin ya fito abokin cinikinsa ya kwashe kayan ya tsallaka wata ƙasa. Ya ce wa kansa baɗi zai farfaɗo, ba sai gida sun ji ba. Baɗi ta zo ta wuce. Atamfar da yake aikawa, yini yake da yunwa ya tara.

Jinin aikina ya motsa. Na kira wani tsohon abokin aikina da ya buɗe jarida a intanet, na ba shi labarin a taƙaice. Ya ce wannan zai girgiza Kano, in turo da cikakken suna da ƙauye da hoto. Na ce in babu suna fa? Ya ce, "Nasiru, kai ka koya min. Ba suna, ba hoto, ba labari."

Na faɗa wa Baba Haruna, don ba zan yi a bayan idonsa ba. Yana wasa almakashi a kan dutse, bai ɗago ba.

"Kai ɗana ne, ba zan hana ka sana'arka ba. Amma ka bari in mutu tukuna."

Ban aika ba. Sai dai labarin ya ƙi barina, ina talla yana bina. Rannan na zauna a inuwar wani shago na buɗe wayata na fara rubutu a kan wani mutum mai suna Tanko, daga wani ƙauye da babu shi a duniya, mai wankin takalma a ƙasar da ban ambaci sunanta ba. Na ba shi ɗingishin wani, na ba shi zafin zuciyar wani, na ba shi tattalin kukar Baba Haruna. Ina cikin rubutu na ga na shiga inda ban taɓa shiga ba. Duk shekarun da na yi a jarida, iyakata abin da mutum ya faɗa da abin da ya aikata. Ba ni da izinin rubuta abin da yake ji in an kira shi Alhaji a waya alhali ko karyawa bai yi ba. Yanzu ƙofar a buɗe take, kuma ban cuci kowa ba. Tun a shafukan farko na san na iya wannan abin, kamar yadda mutum yake sanin takalmi ya yi masa daidai.

Ranar Lahadi ba a fita aiki sosai. Bayan la'asar na ce bari in karanta musu wani abu. Suka saurara, da farko don kara, daga baya don kansu. Lahadi ta gaba sai ga mutanen ɗakunan maƙwabta da kujerunsu. Isufu, wani mai gadi ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, ya rantse da shi nake. Wani ya ce a'a, wansa ne sak. Aka fara musu a kan Tanko kamar yana zaune a cikinmu.

"Ya koma gida mana," in ji Isufu. "Gida gida ne."

Baba Haruna, wanda bai taɓa sa baki ba, ya ce, "Ya koma da me? Kai ka san abin da ake kira dariyar ƙauye?"

"Dariya tana kisa ne?"

"Tana yi."

Ana haka Malam ya kira ni. Bayan gaisuwa da labarin damina, ya ce gari ya iso mu, masu sayen gonaki suna yawo suna yanka filaye. Ya ce Iliya, ƙanin Baba Haruna, ya shirya da sauran 'yan'uwa za su sayar da gonarsu ta gado gaba ɗaya, don mai sayen ya ce ba ya son rabi. A wannan gonar Inna Laure da 'yarta suke samun abin da suke ci.

"An ce kana garin su Haruna. Ka gan shi?"

"Na gan shi, Malam."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau."

Malam bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "To ka gaya masa."

Baba Haruna ya karɓi wayata ya kira ƙaninsa. Ina jin muryar Iliya tana fitowa. "Haba Yaya, kai da Allah ya rufa wa asiri, ga shaguna ga bene, me za ka yi da 'yar gonar nan? Mu ne a cikin wahala. Kada a ce mai shi ya hana marasa shi." Na ga bakin Baba Haruna yana motsi, maganar ta zo har leɓe ta koma. Ya ce zai yi tunani, ya miƙo min wayar.

Lahadin nan na karanta babin da Tanko ya koma gida. Da niyya na rubuta shi, ba zan ɓoye ba, amma ban sa masa zuma ba. Na sa yara sun bi shi suna leƙen jakarsa, na sa wani tsohon abokinsa ya yi masa habaici a bakin masallaci. Matarsa kuwa na sa ta dube shi ta yi shiru ta shige ɗaki.

"Nan ka yi kuskure," in ji Baba Haruna. Kowa ya juyo. "Wannan matar ba ta gaske ba ce. Ba shiru za ta yi ba. Faɗa za ta yi har maƙwabta su fito, sai ta gaji sannan ta tambaya ko ya ci abinci."

Isufu ya ce, "Ashe ka san ta."

Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai magariba. Bayan 'yan kwanaki muna karyawa ya ce min, ba tare da ya dube ni ba, "Motar albasar nan taka, in ta sauke kaya, wayam take komawa?"

Bappa ya ɗauke mu har Garwa, daga nan muka bi ta Yola. Mutanen ɗakinmu sun haɗa masa 'yar tsaraba, Isufu ya cire hularsa mai kyau ya ɗora masa. Da muka fita daga kurmi ƙasa ta buɗe, Baba Haruna ya manne da taga, ya ƙi barci. Mun shigo Kano ana girbin gero. Daga Bacirawa zuwa gaba bai gane komai ba, inda ya bar dawa ya tarar da bulo da kwano. Sai da muka wuce Ungogo gonaki suka dawo, ya fara kiran sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun rasu.

Inna Laure ta yi faɗan. Ina tsaye a waje ina ji, maƙwabta sun fito. Ban shiga ba, wannan ba nawa ba ne.

Washegari da hantsi aka taru a zauren dagaci: Iliya da sauran 'yan'uwa, da Malam, da liman, da wakilin mai sayen gona da takardunsa. Zauren ya cika har waje, don kowa yana son ganin Haruna na Gabon. Iliya ya maimaita maganarsa cikin ladabi, ya ce Yaya mai shaguna ne, ya taimaka ya sa hannu.

Baba Haruna ya jawo jakarsa ya zuge. Ya fito da almakashi biyu, da aska, da dutsen wasa, da 'yar kwalbar ruwan sabulu, da tsumma. Ya jera su a kan tabarma a gaban dagaci, a tsanake, yadda yake jera su a bakin masallaci.

"Ranka ya daɗe, ga shagunan nawa. Farce nake yankewa. Motar da ke cikin hoto ta wani ce, na roƙa na jingina. Ban da komai a duniya sai rabona na gonar nan, kuma ita ce ta riƙe min iyali duk shekarun da ni ban riƙe su ba. Ba zan sayar ba."

A waje wani ya fara dariya, bai sami mai taya shi ba, ya haɗiye. Iliya ya daɗe yana kallon almakasan nan.

"Yaya, me ya hana ka faɗa? Da mun aika maka kuɗin mota tun tuni."

Wakilin mai saye ya tattara takardunsa. Daga baya an raba gonar bisa shari'a, masu son sayarwa suka nemi wani mai sayen, rabon Baba Haruna ya tsaya gona. Habaici kuwa an yi masa, har da wanda ban hango ba a littafi. Ya sha, bai mutu ba.

Da muka koma gida Malam ya tambaye ni ko na samo aikin da na je nema. Na ce na samo aiki, amma ba shi ba ne. Na yi masa bayani. Ya ce, "Ƙagaggen labari dai? In kowa ya san ƙage ne, kuma ba ka tona asirin bawan Allah ba, je ka yi. Amma ka yi shi da kyau."

Na ƙarasa littafin a ɗakin ƙanina, na gyara babin matar Tanko. Littafin ya fito, aka karanta shi a rediyo, mata suka riƙa bugo waya suna cewa a gaya wa Tanko nasu ya dawo haka nan. Ban koma ɗakin labarai ba. Na rubuta wasu littattafan bayansa, ina kan wani yanzu.

Da damina ta zagayo na bi ta gonar Baba Haruna. Na same shi a duƙe yana noman farko, gero ya kai gwiwa, Inna Laure tana zaune a gindin ɗorawa da kwanon abinci tana yi masa faɗan ya bar ciyawa a baya. Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu.

"Ɗan Malam, yaya mutumin naka ya ƙare?"

"Ya koma gida, Baba. Yana noma gonarsa."

"Ya yi hankali." Ya share gumi da bakin riga. "In za a sake bugawa, ka ƙara da cewa noma ya fi yankan farce wuya. Kada ka yi wa mutane ƙarya."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya koma kan kunyarsa.